Kofin Tangaran: Yadda Kimiyya Ke Gane Na Ƙwarai

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan da babu kofi a cikinsa. Da shi ake shan shayi da safe, da shi ake shan koko ko kunu, kuma shi ake miƙa wa baƙo idan ya sauka. Tara kayan ci da sha kuwa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A da mata suna yin jere da ƙorai, daga baya kwanuka da langa da fanteka suka karɓi wurin, sannan kayan tangaran, waɗanda ake yi wa laƙabi da faɗi-ka-mutu, suka shigo. Akasarin kayan jere na ado ne, ba a cika taɓa su ba sai ranar da za a goge ƙura. Amma akwai wasu mutane, a nan gida da kuma ƙasashen waje, waɗanda sha'awarsu ita ce tara kofuna masu kyan ƙira domin su riƙa sha da su kullum.

Mai irin wannan sha'awa yana bukatar wani sani da mai jere bai damu da shi ba, domin kofin da ake kai wa baki kowace safiya yana da ruwa da tsaki a lafiyar mai sha. Ana iya samun kofuna biyu masu kama ɗaya a kasuwa, ɗaya ya shekara ashirin ana amfani da shi, ɗayan kuwa ya tsage cikin 'yan watanni, ko ma ya riƙa sakin guba a cikin abin sha ba tare da kowa ya sani ba. Bambancin yana fitowa ne daga yumɓun da aka gina kofin da shi, da zafin wutar da aka gasa shi, da kuma shafen gilashin da aka rufe jikinsa da shi. Waɗannan su ne abubuwan da wannan darasi zai bi ɗaya bayan ɗaya.

Asalin yumɓu

Yumɓu daga dutse yake fitowa. A cikin manyan duwatsu irin waɗanda suka kewaye Jos da Zariya akwai wani ma'adini da masana ke kira feldisfa. Ruwan sama, wanda yake ɗauke da ɗan tsami saboda iskar kabon da ta narke a cikinsa, yakan yi ta cin wannan ma'adini tsawon dubban shekaru har ya ruɓe. Abin da ya rage shi ne yumɓu, wato haɗin silika da alumina da ruwa. Silika ita ce sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi, alumina kuwa daga gare ta ake samun ƙarfen alminiyam.

Idan aka duba yumɓu da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, za a ga ƙwayoyinsa ba dunƙulallu ba ne kamar na yashi. Fale-fale suke kamar ɓawon kifi, kuma faɗin akasarinsu bai kai kashi 2 cikin 1000 na milimita ba. Idan ruwa ya shiga tsakaninsu sai su riƙa zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba, kamar yadda gilashin taga biyu da aka jiƙa aka haɗa suke zamewa amma su yi wuyar ɓamɓarewa. Wannan ne ya sa yumɓu yake karɓar kowace siffa da magini ya ba shi, kuma ya riƙe ta.

Yumɓun da ya zauna a wurin da dutsensa ya ruɓe yakan kasance fari tas, ana kiransa kawolin. Sunan ya samo asali ne daga wani tudu mai suna Gaoling, kusa da birnin Jingdezhen na ƙasar Sin, inda aka daɗe ana haƙarsa. A Nijeriya ana samun kawolin a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da Alkaleri ta Jihar Bauci, da wurare da dama a Jihar Filato. Yumɓun da ruwa ya kwashe ya kai fadama kuwa yakan gauraya da tsatsar ƙarfe da ruɓaɓɓun tsirrai a hanya. Ya fi kawolin danƙo da daɗin gini, kuma ƙarfen da ke cikinsa ne yake sa tukunya ta yi ja bayan an gasa ta. Sai dai ƙarfen da sauran abubuwan da ya kwaso suna sa ya kasa jure wuta mai tsanani, yakan lanƙwashe ko ya narke.

Abin da wuta ke yi wa yumɓu

Kofin da aka gina aka shanya bai zama kofi ba tukuna, domin idan aka zuba masa ruwa zai koma laka. Wuta ce take mayar da shi abin da ba ya komawa, kuma tana yin haka ne mataki-mataki. Dukkan alkaluman zafi da za a ambata a nan na ma'aunin santigireti ne.

A wajen digiri 100 ragowar danshin da ke jikin ginin yakan zama tururi ya fita. Idan aka yi gaggawar hura wuta a wannan mataki, tururin zai rasa hanyar fita ya fasa ginin, shi ya sa masu ginin tukwane suke barin kayansu su bushe sosai kafin su kai su wuta. Tsakanin digiri 450 da 600 kuma ruwan da yake ɗaure a cikin ƙwayoyin yumɓun su kansu yakan fita. Daga nan yumɓu ya tashi daga yumɓu, ko an jiƙa shi shekara guda ba zai sake zama laka ba. A daidai digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin ginin sukan kumbura kaɗan farat ɗaya, sa'annan su sake tsukewa a daidai wannan zafi idan kayan suna hucewa. Saboda haka ake bin wannan wuri a hankali wajen hawa da wajen sauka.

Gashin gargajiya, wanda ake yi a fili da itace da ciyawa, yawanci bai cika wuce digiri 900 ba. A wannan zafi ƙwayoyin ginin sun manne da juna a wuraren da suka taɓa, amma akwai ƙananan ƙofofi birjik a tsakaninsu. Sai an haura digiri 1100 ne feldisfar da ke cikin haɗin take narkewa sosai, ta zama ruwan gilashi, ta kwarara ta cike ƙofofin. A lokaci guda wasu siraran ƙwayoyi masu kama da allurai sukan tsiro a cikin jikin ginin, su sarƙe da juna su ƙara masa ƙarfi. Irin wannan zafi ba ya samuwa sai a cikin rufaffen tanderu. Daga gini zuwa ƙarshen gashi kofi yakan tsuke da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, don haka magini yakan gina shi ya fi girman da ake bukata.

Bisa ga wannan ne aka kasa kayan yumɓu gida uku. Na farko shi ne ginin ƙasa, wanda ake gasawa ƙasa da digiri 1150, kuma jikinsa yana shan ruwa sosai, sau da yawa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Na biyu shi ne tangaran mai jikin dutse, wanda ake gasawa tsakanin digiri 1200 da 1300, kuma ruwan da yake sha bai cika wuce kashi 3 cikin 100 ba. Na uku shi ne farin tangaran, wanda ake haɗawa da kamar rabi kawolin, rubu'i feldisfa, rubu'i silika, a gasa shi har zuwa wajen digiri 1400. Ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, kuma idan siriri ne haske yana ratsa shi.

Mutanen Sin sun ƙware wajen yin farin tangaran tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekarar 618 zuwa 907. Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna sayensa da tsada ba su san sirrinsa ba, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus. A shekarun 1790 kuma Josiah Spode na Ingila ya inganta wani haɗi da ake zuba wa tokar ƙashin shanu, wanda yake ba da tangaran fari mai ƙarfi duk da sirantarsa.

Randa da kofi

Kada a ɗauka cewa ƙofofin da ke jikin ginin ƙasa aibi ne a ko'ina. Su ne suke sa ruwan randa ya yi sanyi. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu zuwa bayan randar, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa. A kan wannan ƙa'ida ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, abin da ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma abin da ya zama alheri ga randa matsala ce ga kofi. Jikin da ke shan ruwa zai sha shayi da madara da ruwan wanke-wanke, ya riƙe wari, ya kuma zama maɓoyar ƙwayoyin cuta.

Tarihin Ladi Kwali ya nuna wannan bambanci a fili. An haife ta a Kwali wajen shekarar 1925, ta kuma koyi ginin tukwane irin na Gwari tun tana yarinya. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, yana daga cikin masu tara tukwanenta, kuma a wurinsa ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta a 1950. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin Abuja na wancan lokaci, wanda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. A can ta koyi gini a kan faifan juyi, ta yi kwanuka da farantai da kofuna na tangaran mai jikin dutse, tana ƙawata su da zanen ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu kamar yadda ta saba, amma da aka shafa musu gilashi aka gasa su a tanderu sai suka yi nauyi, jikinsu ya toshe, suka daina sanyaya ruwa. Sun zama kayan kallo da ake nunawa a Landan da sauran manyan birane, kofunan kuwa wannan gashi ne ya sa suka dace da aikinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20.

Shafen gilashi da gubar dalma

Santsi da ƙyallin da ake gani a jikin kofi gilashi ne siriri da aka narkar a kansa. Ana dama garin ma'adinai da ruwa, a tsoma kofin a ciki, a mayar da shi tanderu. Haɗin yana bukatar silika, wadda ita ce gilashin, da alumina, wadda take hana narkakken gilashin zuba ƙasa, da kuma wani sinadari mai saukaka narkewa. Ana bukatar wannan na ƙarshe ne saboda silika ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1700, abin da jikin kofin ba zai jure ba. A gashi mai zafi feldisfa da farar ƙasa da tokar itace sun isa wannan aiki, kuma babu guba a cikinsu.

Matsalar tana tasowa ne a gashi mai ƙarancin zafi. Tun zamanin da masu gini suka gano cewa dalma tana sa gilashi ya narke da wuri, ya yi sheƙi, launuka su fito rangaɗaɗau, ga shi kuma ana samun sauƙin makamashi. Haka nan ana amfani da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam wajen samar da ja da ruwan lemo da rawaya masu haske. Idan haɗin bai daidaita ba, ko gashin bai kai ba, waɗannan ƙarafa ba sa ɗauruwa sosai a cikin gilashin. Abin sha mai tsami, kamar zoɓo, ko kunun tsamiya, ko shayi mai lemon tsami, yakan narkar da su kaɗan-kaɗan, zafi da daɗewar abin sha a cikin kofin kuma suna ƙara yawan abin da ke fita. Irin wannan kofi shi ne ake cewa kyan ɗan maciji.

Dalma ba ta da ɗanɗano ko wari a cikin abin sha, kuma jiki ba ya fitar da ita da sauri, taruwa take yi a ƙashi da haƙora. Ta fi illa ga ƙananan yara, inda take taɓa ƙwaƙwalwa ta rage kaifin basira, da kuma mata masu juna biyu. Ga manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a cikin jini da aka san ba shi da illa. Mutanen Arewa sun ga ƙarshen muninta a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta yi sanadin mutuwar yara fiye da 400 a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara. Abin da kofi ke saki bai kai ko kusa da wannan ba, amma kullum ake shansa.

Saboda haka ne ƙasashe suka kafa gwaji. Ana cika kofi da ruwan tsami irin na binega mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, a bar shi awa 24, sannan a auna dalmar da ta fita. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta sa iyakar rabin miligiram a kowace lita ga kofuna. Manyan masana'antu da yawa sun daina amfani da dalma a kayan ci da sha. Inda ya kamata a yi hattara shi ne tsofaffin kofuna da ba a san asalinsu ba, da masu arha ƙwarai masu launi mai haske a ciki, da waɗanda aka yi musu zane ko rubutu a saman gilashin. Irin wannan zane ana gasa shi ne a zafi kaɗan, ana jin tudunsa da yatsa, kuma yana goguwa da wanki. Idan yana cikin kofi ko a inda leɓe ke taɓawa, gara a mayar da kofin mazubin alƙaluma. Tukwanen gargajiya da ba a shafa musu gilashi ba su da wannan matsala.

Akwai kuma wata illa da ido yake gani. Jikin kofi da gilashinsa duka suna tsukewa idan suna hucewa bayan gashi. Idan gilashin ya fi jikin tsukewa sai ya ɗame, ya tsattsage, a ga siraran layuka kamar yanar gizo-gizo. A kan tangaran mai jikin dutse illar ba ta da yawa, tun da jikin a toshe yake. A kan ginin ƙasa kuwa kowace tsaga ƙofa ce da abin sha zai bi ya shige jikin kofin.

Kofi da zafin shayi

Kowa ya san kofin alminiyam yana ƙona leɓe da yatsu. Dalili shi ne alminiyam yana isar da zafi fiye da tangaran sau ɗari da ɗoriya, ƙarfen da ba ya tsatsa kuma kamar sau goma. Tangaran yana tafiyar da zafi a hankali, shi ya sa mariƙinsa yake zama da sanyi alhali shayin cikinsa yana tururi.

Amma kofi mai kauri yana shan wani kaso na zafin shayi tun da farko, kuma ana iya lissafa shi. Ana bukatar jul 4.2 domin ɗaga zafin giram 1 na ruwa da digiri 1, tangaran kuwa kamar jul 0.8. A ɗauka kofi yana da nauyin giram 300 a zafin digiri 25, aka zuba masa giram 250 na shayi mai zafin digiri 95. Shayin yana sakin jul 1050 a kowane digiri da ya sauka, wato 250 sau 4.2. Kofin kuma yana shan jul 240 a kowane digiri da ya hau, wato 300 sau 0.8. Idan aka ninka 1050 da 95, aka ninka 240 da 25, aka haɗa su, za a sami 105,750. A raba wannan da 1290, wato jimlar 1050 da 240, amsa ita ce kusan digiri 82. Ke nan kofin kaɗai ya rage wa shayin digiri 13 kafin iska ta ɗauki nata. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗauraye kofi da ruwan zafi kafin a zuba shayi a lokacin hunturu.

Daga nan babban kaso na zafin yana fita ne ta bakin kofi, tare da tururi. Kofi mai faɗin baki ya fi saurin hucewa, mai tsawo da tsukakken baki ya fi riƙe zafi, marfi kuma yana rage asarar ƙwarai. Mai shayi da yake sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan yana ƙara faɗin ruwan da iska ke taɓawa ne domin ya huce da wuri. Hucewar tana da amfani, domin a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abin da zafinsa ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙoshi.

Yadda ake zaɓe

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai sayen kofi yana iya yin waɗannan gwaje-gwaje a gaban mai kaya.

1. Amo. A riƙe kofin da yatsu biyu ta mariƙi, a ƙwanƙwasa bakinsa da farce ko cokali. Wanda ya gasu sosai yakan yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Wanda bai gasu ba, ko mai ɓoyayyiyar tsaga, amonsa gajere ne a dakushe, domin ƙofofi da tsaga suna kashe girgizar. Haka mata suke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su biya.

2. Gindi. A kifa kofin a duba zoben da ba a shafa wa gilashi ba, a ɗiga masa ruwa. Idan ɗigon ya tsaya, jikin a toshe yake. Idan ya shige nan da nan ya bar duhu, ginin ƙasa ne.

3. Ciki. A duba cikin kofin a hasken rana. Ana son gilashin ya rufe ko'ina, babu huji ko ƙuraje ko layukan tsaga. Fari ko launi marar haske a ciki ya fi kwanciyar hankali.

4. Mariƙi. Ana gina mariƙi ne daban, a manna shi da jikin kofi tun yumɓun yana da danshi. Idan ɗaya ya fi ɗaya bushewa a lokacin, za a ga siririyar tsaga a mahaɗar, kuma daga nan zai ɓalle wata rana da tafasasshen shayi a ciki. Ya kamata yatsu biyu ko uku su shiga ba tare da bayansu ya taɓa jikin kofin ba. Mariƙin da ya yi nisa da jiki da yawa kuma yana gajiyar da wuyan hannu, kamar yadda kaya suke ƙara nauyi idan aka riƙe su nesa da jiki.

5. Baki da zama. A shafa bakin da yatsa a ji ko da kaifi ko gimtsi. A ajiye kofin a kan tebur a gani ko yana rawa. Kaurin jikinsa ya zama ɗaya ko'ina, domin wuri mai kauri da wuri siriri ba sa buɗewa tare idan zafi ya taɓa su, kuma nan tsaga take farawa.

Kofin langa, wato ƙarfen da aka narkar da gilashi a kansa, yana da ƙarko, amma idan cikinsa ya ɓantale ƙarfen zai yi tsatsa. Kofin roba mai tauri da ake kira melamin kuwa bai dace da tafasasshen abin sha ba, domin idan zafi ya haura digiri 70 yakan fara sakin sinadaransa.

Gwaje-gwaje a makaranta

Malami yana iya jagorantar ɗalibai su auna shan ruwa. A samo tsingaron tukunya da gutsuren fasasshen kofin tangaran, a busar da su sosai a rana, a auna kowanne a sikeli mai nuna kashi 1 cikin 10 na giram. A tafasa su cikin ruwa awa biyu, a bar su a ciki su kwana, a goge bayansu da tsumma, a sake aunawa. A raba ƙarin nauyin da nauyin farko, a ninka da 100. A misali, tsingaro mai giram 50 da ya koma giram 56 ya sha kashi 12 cikin 100.

Gwaji na biyu na hucewa ne. A zuba ruwan zafi daidai wa daida a kofin tangaran da na alminiyam da na gilashi, a riƙa auna zafin kowanne duk bayan minti biyu har minti ashirin, a rubuta a jadawali. A sake gwajin da marfi a kan kofunan, a kwatanta sakamakon. Malami ne ya kamata ya zuba ruwan zafin da kansa.

Na uku shi ne a ɗora yankin lemon tsami a kan gilashin kofi ya kwana. Idan da safe wurin ya dusashe ko launinsa ya sauya, tsami yana cin gilashin, kuma kofin bai dace da abin sha ba. Amma rashin sauyi ba ya tabbatar da cewa babu dalma, wannan sai ɗakin bincike.

Kammalawa

Kofin da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje yana bukatar kulawa kaɗan. Kada a zuba masa tafasasshen ruwa yana da sanyi ƙalau, kada a goge cikinsa da soson ƙarfe ko yashi, kada kuma a bar abin sha mai tsami ya kwana a ciki. Dattin shayi yana fita da ɗan gishiri ko bakar hoda a jiƙaƙƙen tsumma. Wanda bakinsa ya ɓantale ko ya tsage ya gama aikinsa na sha. Tsada ba ita ce ma'auni ba, ko da yake araha ba ta ado. Kofuna huɗu ko biyar da aka zaɓa da sani sun ishi gida shekaru masu yawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa busasshen yumɓu yake komawa laka idan aka jiƙa shi, amma gasasshe ba ya komawa?
2. Bayyana dalilin da ya sa randa take sanyaya ruwa amma tulun da aka shafa wa gilashi ba ya yi.
3. Kawo abubuwa uku da suke ƙara yawan dalmar da ke fita daga jikin kofi zuwa abin sha.
4. An zuba giram 200 na ruwa mai zafin digiri 90 a kofin tangaran mai nauyin giram 250 da zafin digiri 20. Lissafa zafin da za su daidaita a kai.